Tambaya da Amsa: Gilashin VR ko Sabon Allo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da na'urar wasan bidiyo ta PS5, kuma na ɗan tara kuɗi. Ƙwallo da Call of Duty nake bugawa, yawanci da abokai a ɗakina bayan sallar isha'i, a wata tsohuwar talabijin. Zuciyata ta rabu biyu: in sayi gilashin nan na VR da ake ɗaurawa a fuska, ko allo mai tsada na 'yan wasa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sayi allo. Wasannin da ka lissafa su suka yanke hukunci, don wasan ƙwallon kamfanin EA, wanda aka sauya wa suna daga FIFA zuwa FC a 2023, ba a yi shi don gilashin VR ba, haka ma Call of Duty.

Akwai kuma tarkon da ke kama mutane. Gilashin Meta Quest 3, wanda ka fi gani a bidiyon TikTok, ba ya shiga wasannin VR na PS5. Nasa wasannin daban ne, ko a haɗa shi da kwamfuta. Na PS5 shi ne PlayStation VR2, wanda ya fito a Fabrairun 2023 a kan dala 549, wato a lokacin ya fi ita kanta na'urar tsada.

Kada ka ɗauka raina VR nake yi. Wanda ya ɗaura shi a wasan tseren mota na Gran Turismo 7 zai waiga ya ga motar da ke shirin wuce shi, har ya ɗan kauce da kafaɗa, kuma babu allon da zai ba ka wannan. To amma mutum ɗaya ke ciki. Sauran abokanka sai zaman jiran layi, suna dariyar yadda kake kai wa iska naushi. Ana so kuma ka share fili kamar mita biyu tsawo da faɗi, ba katifa ba kujera, ka kuma lura da fankar sama in za ka ɗaga hannu. A zafin Afrilu, abin da ya haura rabin kilo manne a fuska ba wasa ba ne: gumi ya jiƙa shi, gilashin ya yi hazo. Wasu ma jiri da tashin zuciya ke kama su, saboda ido na ganin ana gudu alhali jiki na cewa a zaune ake.

Inda Quest ya ci, ya ci: yana da batir, ko an ɗauke wuta za ka yi kusan awa biyu kana wasa. PS VR2 kam da waya yake, wuta na tafiya shi ma ya tafi.

Sai batun allon, kuma nan nake so ka riƙe aljihunka. PS5 ba ta wuce hoto 120 a daƙiƙa. In mai shago ya fara yi maka kirarin 240Hz, wato hoto 240 a daƙiƙa, ka sani rabin abin da za ka biya na masu kwamfuta ne, kai ba za ka gan shi ba. Nemi mai inci 27 ko 32, mai kaifin hoto na 1440p, mai ɗaukar 120Hz ta wayar HDMI da ke haɗa shi da PS5. Tun 2022 PS5 ke karɓar 1440p. In 4K, wanda ya fi 1440p kaifi, kake so da wannan saurin, dole ya zama yana da HDMI 2.1. A Call of Duty za ka ji bambancin a yatsanka tun daren farko. Allo nau'in OLED na da kyau, baƙinsa baƙi ƙirin, amma hoton da ya daɗe wuri guda, irin allon maki na ƙwallo, yana iya barin tabo.

Tunda taro kuke yi, duba ko talabijin mai 120Hz, inci 50 zuwa sama, ba za ta fi muku ba. Ka tafi shagon da PS5 ɗinka a jaka, a jona a gabanka kafin ka biya, sannan ka ware kuɗin sitabilaiza a cikin lissafin.