Tarin da ya ƙi jin magani: tambayoyinku da amsoshin likita

Likita, barka da aiki. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, shekarata 26. Wata huɗu ke nan ina tari, tun bayan girbin gero. Na sha maganin kemis iri-iri, an yi mini allurar kwana biyar har sau biyu, in na ɗan samu sauƙi sai ya dawo. Da dare gumi nake yi har rigata ta jiƙe, wandona ma ya yi mini yawa. A gida an ce sanyi ne ya kama ni.

Malam, Allah ya sawwaƙe. Sanyi ba ya wata huɗu yana ramar da mutum. Duk tarin da ya kai mako biyu, tarin fuka ake fara nema, balle naka da ya haɗa da gumin dare da rama. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, kuma samari majiya ƙarfi irinka ta fi kamawa.

Ka fara da dakatar da sayen magani. Akwai iri biyu da ke ɓata mana bincike. Na farko su siprofuloksasin da lebofuloksasin: suna ɗan danne ƙwayar tarin fuka, mutum ya ji sauƙi na mako ɗaya ko biyu, gwaji ya iya kuskure ta, ita kuwa tana nan tana koyon jure magani. Na biyu su deksametason da firedinisolon, irin waɗanda ake cusawa a haɗin kemis da kuma sha-ka-fashe. Su kan buɗe ci, su kwantar da tari, amma garkuwar jiki suke karyawa, cutar ta samu fili.

Ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai, ka ce sashen tarin fuka kake nema. Gwaji da magani duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Za a ba ka 'yar roba mai murfi ka kawo kaki, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara, don yawu suke tofawa, sakamako ya fito babu komai. Ka fita fili inda ba kowa, ka kurkure baki da ruwa zalla, ka ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji. Abin da ake so mai kauri ne, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. Na asuba kafin a karya ya fi kyau. Ka rufe sosai, kada ka bar shi a rana, ka kai a ranar. Na'urar GeneXpert cikin kamar awa biyu take gano ƙwayar, ta kuma nuna ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, ko da yake in daga ƙaramin asibiti aka tura kakin, sai an jira 'yan kwanaki. Ka yarda a haɗa da hoton ƙirji, da gwajin HIV, da na suga. Ba zargi ba ne, kowa ake yi wa, don HIV da ciwon suga suna cikin manyan masu buɗe wa tarin fuka ƙofa.

In ta tabbata, maganin wata shida ne: wata biyu na magani huɗu a haɗe, wata huɗu na biyu. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, wannan ba komai. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, ka koma asibiti a ranar. Mai ɗakinka da yara, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, a kai su a duba, akwai maganin kariya. Kafin nan ka buɗe taga, ka raba ɗakin kwana in da hali.

Assalamu alaikum likita. Daga Gaya nake. 'Yata ce, shekararta 21, an gwada kakinta sau biyu babu tarin fuka, hoto ma an ce lafiya. Amma cikin dare sai ta tashi zaune, ƙirjinta na fito kamar kukan mage. In hunturu ya shigo ko ta hura wuta abin ya fi tsanani. An rubuta mata abin shaƙa, mahaifinta ya hana, wai in aka fara ba a dainawa.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika zayyana ya yi kama da asma ƙwarai. Mai asma hotonsa lafiya yake fitowa, don matsalar a hanyoyin iska take: suna kumbura, su tsuke, sannan su saki. Gwajin da ke tabbatarwa na busawa ne. Za ta cika ƙirji ta busa cikin na'ura da iya ƙarfinta, a ba ta salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, shaƙa huɗu, bayan minti 15 ta sake. In iskar da take fitarwa a daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin ɗari, kuma da aƙalla mililita 200, magana ta fito. Irin wannan gwaji sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a je da zato cewa sau ɗaya ya isa. Ranar da ƙirji ya lafa, gwajin kan iya fitowa daidai.

Ki gaya wa maigida abin shaƙa ba ya kama jiki. Maganin da ke cikinsa kaɗan ne a kan na ƙwaya, kuma kai tsaye yake zuwa huhu. Iri biyu ne. Mai launin shuɗi, wato salbutamol, na buɗe ƙirji ne a lokacin da abin ya taso, ba ya taɓa kumburin. Na biyun shi ke kashe kumburi, ana shaƙarsa yadda likita ya tsara ko da tana jin garau, ta kurkure baki bayan kowace shaƙa. Wadda ke neman shuɗin fiye da sau biyu a mako, asmarta ba ta kwanta ba. In fesawa da jan numfashi sun ƙi haɗuwa mata, a samu tsaftatacciyar gorar ruwa ta rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, ta kama bakin gorar da leɓe, a fesa sau ɗaya, ta ja numfashi a hankali sau biyar, sannan a sake.

Girki ya koma tsakar gida, da busasshen itace maimakon kara da ɗanyen icce. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su bar ɗakinta, gidan sauro ya wadatar. Ranar da ta kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓenta ya sauya launi, ba a jiran gari ya waye.

Likita, matata ta haihu wata biyu da suka wuce, muna wajen Haɗeja. Tun bayan suna take tari, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafafunta sun kumbura. Wane maganin tari ya dace da mai shayarwa?

Babu ko ɗaya, Malam. Yau ɗin nan ka kai ta asibiti. Tari da kasa kwanciya da kumburin ƙafa ga mai jego, zuciya ake tuhuma: ta yi rauni, ruwa na taruwa a huhu. Wannan ciwo ya yi yawa a arewacin Najeriya. A auna hawan jini, a duba yawan jininta, a yi hoton zuciya da ake kira eko. A dakatar da kunun kanwa da yawan gishiri, don ruwa suke riƙewa a jiki, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi ma a jingine shi.

Na gama maganin tarin fuka na wata shida shekara biyu da suka wuce, aka ce na warke. Har yanzu kullum da safe sai na fitar da kaki mai yawa, wani lokaci da jini. Wani ya ce in sake karɓar maganin. Ina Birnin Kudu.

Ɗan'uwa, kada ka sake shan maganin sai an ga ƙwayar. Tarin fuka na iya dawowa, gaskiya ne, amma sau da yawa tabon da ta bari ne ke damun mutum. Hanyoyin iska kan buɗe su lalace, kaki ya riƙa kwana a ciki. Wani kuma kogo cutar ta bari a saman huhu, wani irin fumfuna mai suna asfajilus ya yi gida a ciki, shi ke sa jini, kuma maganin tarin fuka ba ya taɓa shi. Akwai wani tarko kuma: GeneXpert kan iya ganin gawar ƙwayar da ta mutu tuntuni, shi ya sa ga wanda ya taɓa shan magani ake haɗawa da duban madubin likita da rainon ƙwayar, wanda ke ɗaukar makonni. Ka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garinku da tsohon katinka da tsohon hotonka, a ɗora su gefen sabon. Mai yiwuwa a nemi hoton CT da gwajin jini na fumfunar. Jinin da ya wuce ɗigo-ɗigo, ya kai cokali biyu ko uku a tashi ɗaya, na gaggawa ne.

An yi mini duk gwajin da kuke faɗa, ba a ga komai ba, amma haki nake yi ko ɗan gudu na yi. A injin casa nake aiki, ina kuma kiwon tattabaru a ɗakin da nake kwana.

Ko an taɓa tambayarka sana'arka? Ƙaiƙayi, ƙurar hatsin da ya yi fumfuna a rumbu, da kashi da gashin tattabara duk suna iya sa huhu kumburi a hankali, irin wanda hoton ƙirji na yau da kullum ba ya gani da wuri. Masu fasa dutse da haƙar rijiya su ma suna da nasu. Ka fitar da tattabarun daga ɗakin, wani ya share maka bayan ya yayyafa ruwa, ka yi mako biyu ba ka je injin ba, kana rubuta yadda kake ji kowace rana. Ka kai wa likitan huhu wannan takarda tare da kwalayen duk magungunan da ka sha. Ka nemi a ɗana maka ma'aunin iskar jini a yatsa kana zaune, a sake bayan ka yi tafiyar minti shida. In lambar ta faɗi, a nan za a ɗora bincike. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, takunkumin N95 ne ke yi, shi ma sai ya manne da fuska ba ta inda iska ke kurɗawa.