Amsoshin Tambayoyinku: Wane Littafi Zan Fara Saye?

Wani ɗan kasuwa daga Zariya ya rubuto cewa shi ba ma'abocin ƙagaggun labarai ba ne, abin da ransa ke so shi ne littattafan addini da na tarihi. Bai daɗe da sauke Ahalari da Ishmawi, ƙananan littattafan fiƙihu na masu fara karatu, a wurin malamin unguwarsu ba, kuma ya tara kuɗi yana so ya sayi Fathul Bari cikakke. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, Allah ya ƙara maka himma, amma shawarata ita ce ka dakata. Fathul Bari sharhin Sahihul Buhari ne na Ibn Hajar, wanda yawancin bugunsa ke zuwa a juzu'i 13 ban da muƙaddima, kuma an rubuta shi ne domin wanda ya riga ya yi nisa a nahawu da fiƙihu da ilimin hadisi. Wanda ya sauke Ishmawi, abin da ke gabansa a tsarin karatun zaure shi ne Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, kuma kuɗin da za ka kashe a kan waɗannan biyu tare da sharhin Risala irin Samaruddani bai kai kusa da abin da ka tara ba. Na sha shiga falon da aka jera manyan littattafai masu rubutun ruwan zinare a gadon baya, idan ka zaro ɗaya sai ka tarar ganyayensa a manne da juna, ƙura ta kwanta a kansa, alamar tun ranar da aka kawo shi ba a sake buɗe shi ba.

Kafin ka tafi kasuwa, ka je wurin malaminka ka duba bugun da yake karantarwa da shi, domin littafi ɗaya yana iya samun bugun Misra da na Bairut da wanda aka sake bugawa a nan gida, shafukansu ba su daidaita ba, wani da wasali wani babu. Mai fara karatu ya nemi matani mai cikakken wasali da gefe mai faɗi, inda zai riƙa rubuta fassarar kalmomin da malam ya ba shi. Idan ka isa shagon, ko a Kasuwar Kurmi ne ko a nan Zariya, kada kunya ta hana ka zama ka buɗe littafin daga farko har ƙarshe, saboda akan sami shafin da ya fito fari fat, ko ganyaye da suka maimaitu, ko ɗinkin da zai saki tun kafin damina ta wuce. In kuwa littafin mai juzu'i da yawa ne, ka ƙirga lambobin a gaban mai shago, don ba a rasa mai komawa gida da juzu'i na 4 guda biyu babu na 5.

Wata uwa daga Maraɗi tana tambaya game da Alƙur'anin da za ta saya wa ɗanta, domin wanda aka kawo mata tsaraba daga Makka ya saɓa da abin da yaron ke karantawa a allonsa.

Hajiya, babu kuskure a cikin ko ɗaya, bambancin ruwaya ne, wato hanyar karatun Alƙur'ani da aka karɓo daga malaman ƙira'a. Makarantun allo a ƙasar Hausa sun gaji ruwayar Warshu, yayin da mafi yawan abin da alhazai ke dawowa da shi ruwayar Hafsu ce, wadda ita ce ta fi yawa a Islamiyya. Har rubutun ma ya bambanta: a rubutun da gardawa suka saba da shi, ɗigon harafin fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, alhali a ɗaya rubutun fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ki tambayi alarammansa, ki saya masa wanda ya dace da allonsa, ki ajiye na tsarabar har ya girma.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin firamare ce a Katsina, wanda ke son tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 amma Larabcinsa bai yi ƙarfi ba, yana kuma tunanin ya dogara da abin da yake saukewa a waya. Ka nemi fassarar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, domin marubucin ya halarci yaƙe-yaƙen da yake ba da labarinsu, sai dai ka tuna cewa daga ɓangare ɗaya yake magana. Waya tana da amfani wajen leƙa littafi kafin ka fitar da kuɗi, amma da yawa daga abin da ke yawo babu sunan mai fassara, babu na maɗaba'a. Irin wannan, kada ka shiga aji da shi sai ka gwada shi da bugun takarda.