Wane Kashi Ne Na Cikin Labari, Wane Ne Cikon Gurbi? Amsoshin Wannan Mako

Malam, ina son kallon The X-Files amma ya yi tsawo, mai turi kuma giga-giga yake caji. An ce wasu kashi-kashin ne kawai na asalin labari. Ta yaya zan tantance su? (Ɗalibi, Dundaye)

Da gaskiyarka, ɗana, kashi 218 ne. Shirin ya fara a 1993, ya yi zango tara zuwa 2002, ya dawo a 2016 da 2018. Masu kallonsa sun raba shi gida biyu. Akwai na doguwar sarƙa, wato maganar halittun sararin samaniya da rufa-rufar gwamnatin Amurka, kuma ba su kai rabi ba. Sauran kowane da dodonsa, a gama da shi a zama ɗaya. Alamomin na sarƙa: batun ƙanwar Mulder, jarumin shirin, da aka sace, baƙin man nan mai shiga idon mutum, dattijon da taba ba ta barin bakinsa. Yawancin kashin buɗe zango da na rufewa suna ciki, haka waɗanda aka raba biyu.

Sai dai rabon ba ya fita tas. A zango na huɗu akwai kashin Leonard Betts, wanda kowa zai ce na dodo ne, amma a ƙarshensa ne aka fara nuna Scully, abokiyar aikin Mulder, tana da ciwon daji, kuma labarin gaba a kan wannan ya hau. Ma'aunina ɗaya ne: in ka tsallake kashi, ka ga na gabansa yana maganar abin da ba ka sani ba, to na cikin labari ne, ko me aka rubuta a jikinsa. Kada ka manta da fim ɗin 1998, tsakanin zango na biyar da na shida yake zaune, masu turi kuma sukan ajiye shi daban.

Na sayi memori mai giga 128 da araha, aka cika min shi da Star Trek. Sunayen duk suna nan, amma daga tsakiya ba abin da ke buɗewa. Ko waɗannan ba sa cikin shirin ne? (Magidanci, Arkilla)

Suna cikin shirin, Alhaji. Memorinka ne jabu, kuma a nan zan ɗan zauna, domin wannan ta'asar ta ishe ni.

Abin da ake yi shi ne a ɗauki ƙaramin memori, mai giga takwas ko ƙasa da haka, a murɗa masa lissafi ya riƙa gaya wa waya cewa shi 128 ne. Waya ba ta da hanyar musu. Za a yi ta turi, yana ta karɓa, sunan kowane kashi yana bayyana da girmansa. Da ya wuce ainihin cikinsa, sabon abu ko dai ya danne na baya ko ya bi iska. Tamkar buhu ne mai huji a gindi, bakinsa a buɗe yake kullum. Mai shago kuwa kashi na ɗaya zai kunna maka, ka ga hoto garau, ka biya, ka hau babur.

Yi lissafi da kanka. The Next Generation, ɗaya daga cikin jerin Star Trek, shi kaɗai kashi 178 ne. Ko da kowane ya ci megabayit 300, an haura giga 50. Wanda ya ce zai ba ka memorin da zai ɗauki ninkin wannan a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, ai ya gaya maka gaskiya tun kafin ka tambaya. Mu ne muke son banza, su kuma sun san halinmu. Kwali mai ƙyalli ba shaida ba ne, domin har sunan manyan kamfanoni ake bugawa a kan jabu.

Kafin ka bar shago, a buɗe maka kashin farko, na tsakiya da na ƙarshe, kowane a ja shi zuwa ƙarshensa. In da kwamfuta kusa, akwai manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika memorin ta karanta shi ta faɗi ainihin girmansa. Tana cin lokaci, amma ta fi dawowa kasuwa da rana tsaka a watan Afrilu. Mai shagon da ya ƙi a gwada, bar masa kayansa. Kuma kada kowa ya je ya yi rigima a banza: memori na gaske mai giga 64 yakan nuna wajen 59, wannan bambancin ƙirga ne, ba cuta ba. Hotunan biki da takardun makaranta kuwa, kada su kwana a memorin da ba a gwada ba.

Ɗiyana sun matsa sai na sa musu irin waɗannan fina-finan. Ina tsoron abin da za su gani, ni kuma ba na jin Turanci. (Uwa, Mabera)

Hajiya, kwantar da hankalinki, tambayar da kika yi ita ce daidai. The X-Files da Black Mirror ba na yara ba ne, ko kashi ɗaya, kada wani ya ce zai zaɓo miki masu sauƙi. Star Trek na zane, na 1973, kashi 22 ne kacal kuma ya fi dacewa da su. Duk da haka ki sa babban yayansu ya fara gani, a kuma kalla a falo, ba a waya cikin ɗaki ba.

Na sayi Doctor Who na 2005, zango na ɗaya da na biyu, sai na ga jarumin ya sauya ba bayani. (Runjin Sambo)

An tsallake maka kashin Kirsimeti na 2005, wanda sabon jarumin, David Tennant, ya fara cikakken aiki a ciki. Ba ya cikin lambar kowane zango, shi ya sa yake faɗuwa. Koma a ƙara maka.

Wani ya ce yana da tsohon Doctor Who tun daga 1963, cif-cif ba gibi. In saya? (Tudun Wada)

Haba! Ko BBC da ta yi shirin ba ta da shi cif, fiye da kashi 90 na shekarun farko sun ɓace domin an goge kaset ɗinsu. Tara daga cikin ɓatattun ma a wata tashar talabijin ta Jos aka tsinto su a 2013. Tambaye shi ko ya fi BBC ajiya.