Gyaran hoto bayan an ɗauka: canza halittar Allah ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni malamin firamare ne a Katsina. Ɗaukar hoto sha'awa ce kawai a wurina, ba da ita nake ci ba. Na sayi wata tsohuwar kyamara a hannun wani, ina ɗaukar hawan Sallah a Ƙofar Soro, da Hasumiyar Gobarau, da yaran gidanmu. In na dawo sai in zuba hotunan a kwamfuta in yi musu editin: in ƙara haske, in rage hazo, in yanke gefe, wani lokaci in goge wayar lantarki da ta gitta. Wani abokina ya ce wannan canza halittar Allah ne, har ya jawo mini aya. Bayan haka ƙanwata ta ce in haska mata fata in rage mata kumatu a hoton da za a kai wa wani mai neman aurenta da ke zaune a Legas. Maiɗakina kuma tana sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, tana so in riƙa fito mata da kalar kayan. Mene ne hukuncin duk wannan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, abu uku ka haɗa a ƙwarya ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Amma kafin a zo ga gyara, sai an taɓo asalin ɗaukar hoton, domin wanda bai yarda da tushe ba babu abin da zai ce game da reshe.

Hadisan da suka yi narko a kan masu sura ingantattu ne, babu mai musu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa masu yin sura suna cikin mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Inda malamai suka saɓa shi ne wace sura ake nufi. A mazhabarmu ta Malikiyya, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta suka cika, kuma take da inuwa, wato mutum-mutumi. Wadda aka yi a shimfiɗe a bango ko takarda makaruhi ce, in kuma a wurin da ake takawa take, barinta ya fi. Da kyamara ta zo, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi muftin Masar ya rasu a 1935, ya rubuta cewa mai ɗaukar hoto bai ƙagi komai ba, inuwar abin da Allah ya riga ya halitta ya tsare, kamar yadda madubi yake yi, sai dai wannan madubin ba ya sakin abin da ya kama. Shehu Ibn Usaimin ma ya tafi a kan cewa hoton da na'ura ta ɗauka nan take ba shi ne surar da hadisi ya ambata ba, ana duba manufarsa ne. A ɗaya ɓangaren Shehu Ibn Baz da Shehu Albani sun hana hoton abu mai rai sai da lalura, kamar fasfo da katin shaida. Ni abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne halacci, matuƙar abin da aka ɗauka ba haram ba ne kallonsa. Wanda ya bi masu hanawa don tsantseni ban ga laifinsa ba. Hasumiya da bishiya da faɗuwar rana kuwa kusan babu saɓani a kansu, Abdullahi ɗan Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane, in dole sai ya yi, ya zana bishiya da abin da ba shi da rai.

Yanzu ga ayar abokinka. Ita ce ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan yake alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah. Malaman tafsiri sun fassara ta da fiɗiye dabbobi, da yin tsaga a cusa baƙi a fata, wasu kuma suka ce canza addinin Allah ne da fiɗirar da ya halicci mutane a kanta. Duk waɗannan a jikin abin halittar suke aukuwa ko a zuciyarsa. Kai kuwa da ka ƙara wa hoton doki haske, dokin yana bargarsa yana cin harawa, ko gashi ɗaya nasa bai canza ba. Abokinka ya yi nufin alheri, amma ayar ba nan take sauka ba.

Akwai ma abin da bai sani ba. Babu wani hoton zamani da yake fitowa ba a taɓa shi ba. Abin da ke cikin kyamara haske kawai yake aunawa ya mai da shi lambobi, sannan wata manhaja da kamfanin ya saka ta yanke cewa ga yadda fari zai kasance, ga yawan duhun da za a bari, ga kaifin da za a ƙara. Wayoyi da yawa ma hotuna barkatai suke ɗauka a dannawa ɗaya su narka su su zama guda. Masu abin suna da wani nau'i da suke kira RAW, wato ɗanyen hoto, wanda in ka buɗe shi za ka gan shi a dushe kamar tsohuwar atamfa, sai an yi masa aiki. Ke nan ko ka gyara da hannunka, ko injiniyan da bai taɓa ganin hazon Katsina ba ya gyara maka tun daga masana'anta. Kuma kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa in baƙin mutum ya sa farar babbar riga ya tsaya a rana: kyamara takan ruɗe da farin, ta rage haske, fuska ta nutse cikin duhu. Wanda ya dawo da wannan fuskar yadda ido ya gan ta, gaskiya ya matso da ita. Tun zamanin filim ma masu wankin hoto suna ƙara wa wani sashe haske su rage wa wani a ɗakin duhu.

Saboda haka daidaita haske, rage hazo, miƙe hoton da ya karkace, yanke gefe, mai da shi baƙi da fari, duk halal ne. Asalin al'amuran duniya halacci ne, kuma Allah Mai kyau ne yana son kyau, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim. Wayar lantarkin da kake gogewa, in hoton na ado ne da za ka ajiye ko ka nuna wa abokai, babu komai.

Inda haramci yake shigowa ƙofa ce daban, ƙofar ƙarya da algus. Hoto magana ne. Duk wanda ya miƙa wa wani hoto kamar ya ce masa ne, ga yadda abin yake. In mai kallon zai gina wani abu a kan wannan maganar, ya fitar da kuɗi, ko ya ɗaura aure, ko ya yanke wa wani hukunci, to hoton ya zama shaida, kuma gyaran da ya sauya gaskiyar abin ya zama shaidar zur. In kuwa kowa ya san wasa ne ko ado, babu wanda aka yaudara. Muna yara masu hoto suna da wani labule da aka zana wa jirgin sama da dogayen benaye, mutum ya tsaya gabansa ya riƙe rediyo. Babu wanda ya taɓa zaton ya je Ingila. Amma wanda a yau ya liƙa kansa a gaban Ka'aba ya saki a Facebook ya yi shiru mutane suna ta yi masa barka da sauke farali, wannan ya yi ƙarya ko da bai furta kalma ba. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mace ta tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko da laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu ne. Da za a rubuta wannan hadisin a kan kowace manhajar filta, da ya dace.

Ko waɗanda ba su karanta fiƙihu ba sun gane wannan iyakar. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar masa hoto saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut bayan an kai hari, har ya janye sauran hotunansa. Harin gaskiya ne, hayaƙin ma akwai shi, ƙarin ne ya kashe amanar. Don haka ranar da wata jarida ta nemi hotonka na hawa a matsayin labari, ko aka nemi wani a matsayin hujja, to ko wayar lantarkin nan ka bar ta inda take, balle ka ƙara yawan jama'a ko ka cire wani daga cikin ayari.

Kayan maiɗakinka suna ƙarƙashin wannan. Malamanmu sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, in kaya suka zo kamar yadda aka siffanta ciniki ya tabbata, in suka saɓa mai saye yana da zaɓin mayarwa. A cinikin WhatsApp hoton shi ne siffar. To in fitilar ɗaki ta sa shuɗin leshi ya koma kamar toka, ka gyara har ya dace da na hannunka, ka ɗora ƙyallen kusa da allon kwamfutar kana dubawa. Wannan kyautatawa ce ga mai saye. Amma ka ƙara wa kala ƙarfi har ta wuce ta gaske, ko ka goge zaren da ya ja ko tabon da ke jiki, shi ne tsibin abincin da Annabi ya sa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kai da ka gyara da ita da ta tura kun yi tarayya a zunubin. Shawara ta kyauta: ku riƙa ɗauka a inuwa da safe kusa da taga, yawancin matsalar kala za ta kau ba sai an taɓa komai ba.

Maganar ƙanwarka ta fi nauyi, kuma amsata ita ce kada ka yi. Shari'a ta ba mai neman aure damar ya ga wadda zai aura don wata hikima. Annabi ya ce wa Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema, domin hakan ya fi sa a samu jituwa mai ɗorewa. Hoton da za a kai Legas yana tsayawa ne a matsayin wannan ganin kafin ya zo. In aka haska fata aka rage kumatu, wata ya gani ba ita ba. Auren in an ɗaura ya ɗauru, domin launin fata ba ya cikin aibobin da ake raba aure saboda su, amma zunubin yaudara yana nan, kuma ita ce za ta zauna da kallon da zai yi mata ranar farko. Sannan duhun fata ba aibi ba ne da za a ɓoye. Wannan cutar da ta sa 'ya'yanmu suke ƙone fatarsu da man bilicin ita ce dai ta koma cikin waya, kuma bai kamata yaya ya zama mai shafa mata shi ba.

Akwai kuma wani abu a nan da ban cika jin ana faɗa ba. Malaman da suka halatta hoto sun halatta shi ne da hujjar cewa hannun mutum bai tsara fuskar ba, inuwa ce aka kama. To in ka zauna kana jan hanci kana matse haɓa kana buɗa ido, ko ka sa ƙirƙirarriyar basira ta ƙera fuskar da babu mai ita a duniya, hujjar nan ta fara suɓucewa daga hannunka, domin yanzu kai ne mai tsarawa. A ƙa'idar Malikiyya abin bai kai haram ta wannan fuskar ba tunda ba shi da inuwa, ya tsaya a karhanci. A wurin mafi yawan sauran malamai kuwa, waɗanda suka hana zanen mai rai ko a takarda ne, ya shiga wuri mai hatsari. Ni dai ina ƙin sake fasalin fuska da jiki ko da babu wanda za a yaudara.

Abin da zan sassauta a kai shi ne abin da ba ya zama: ƙurjin da ya fito jiya zai baje jibi, jan ido da filashi ya haifar, maiƙon zufa, ƙudan da ya sauka a goshi. Goge waɗannan bai sauya kamannin mutum ba. Tabo na dindindin da wushirya da tsagar fuska ta gado kuwa, a hoton neman aure ko na katin shaida, a bar su.

Ban da wannan, ka kiyaye abin da kowane mai kyamara yake mantawa a taron Sallah. Kada ka zuƙo fuskokin matan mutane daga nesa, kada ka yaɗa hoton wanda bai yarda ba, kada ka gyara hoton wani don a yi masa dariya, Suratul Hujurat ta hana izgili da leƙen asiri.

Ita kuma ƙanwar taka kada ka tsaya a kan cewa Malam ya hana. Ka ce ta sa kayan da take so cikin sutura, ka fitar da ita tsakar gida bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi, ka juya ta ta fuskanci hasken, ka ɗauka da yawa ta zaɓi wanda ya fi kwanta mata. Ka daidaita haskensa har fatarta ta fito da launin da kake gani kullum, sannan a kai wannan.

Allah ne mafi sani.