Ɗaure ƙirji da bandeji: me yake yi wa jiki?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An haife ni da jikin mace, amma tun tasowata namiji nake jin kaina. Kusan shekara biyu ke nan ina ɗaure ƙirjina da bandejin kemis don ya kwanta, wani lokaci har da shi nake kwana. Kwanan nan haƙarƙarina na ciwo, in na hau bene kuma sai haki. Akwai hatsari? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, akwai, kuma bandejin nan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. An yi shi ne don ya matse targaɗe ya hana kumburi. Duk sanda ka fitar da numfashi sai ya ƙara kama jiki, in ka zo shaƙa haƙarƙari ba ya samun wurin buɗewa. Huhu ba ya cika, majina tana taruwa a ƙasansa, ƙashin kuma yana shan matsi har ya kai ga tsagewa. Salatif da leda ma haka suke, har da saɓule fata. Ka daina amfani da su daga yau.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mutum 1,800 masu ɗaure ƙirji ya nuna kashi 97 cikin ɗari sun gamu da aƙalla matsala ɗaya. Fiye da rabi sun yi fama da ciwon baya da zafin jiki, kusan rabi kuma da ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi. Abin da ya fi tafiya da matsalolin shi ne yawan ranakun da ake ɗaurewa a mako, shi ya sa nake nace wa a riƙa ware ranar hutu daga ɗaurin.

Sai ka haɗa da yanayin garinmu. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Zufa ta maƙale a ƙarƙashin ɗauri, sai ƙuraje da ƙaiƙayi da makero. Da hunturu kuma ƙura tana tayar da asma, mai asma kuwa bai kamata ya matse ƙirji ba sam.

Na san ba don wasa kake yi ba, kuma cewa kawai "ka bari" ba zai share maka damuwa ba. In ba za ka iya bari gaba ɗaya ba, ka koma ga rigar mama ta 'yan wasanni daidai jikinka, ka ɗora riga mai faɗi. Kada ka wuce awa 8 a rana sanye da rigar maman, kada ka kwana da ita, ka riƙa wanke wurin kana busar da shi.

Ciwon da ka ambata yana buƙatar a duba, wataƙila har da hoton ƙirji. Ka je asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita kana ɗaure ƙirji. Riƙe sirrin mara lafiya wajibi ne a aikinmu. In ka ga tari da jini, zazzaɓi, jiri, ko suka mai tsanani wajen numfashi, ka kwance ɗaurin nan take ka nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.