Tambaya da Amsa: Binciken Sinadarai da Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen kemistiri, kuma ina sha'awar shiga rukunin masu binciken sinadarai da kwamfuta. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Allah ya yi miki albarka, 'yata. A wannan fanni, lissafi ake yi domin a gano siffar ƙwayar sinadari da ƙarfin da ya haɗa sassanta tun kafin a shiga ɗakin gwaji, kuma a kansa ne Walter Kohn da John Pople suka sami lambar Nobel a 1998. Saboda haka ki riƙe lissafi da kyau, domin a nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ki koyi Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sannan ki gwada lissafin ƙwayar ruwa da manhajar ORCA, wadda kyauta ce ga masu binciken ilimi, kuma ƙaramar kwamfuta ta isa wannan aiki. Bayan haka ki karanta wani aikin da malamin rukunin ya wallafa, ki same shi a ofis cikin ladabi, ki nuna masa abin da kika gwada, ki faɗi sa'o'in da za ki iya bayarwa a mako.