Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Ake Fitar da Natija a Jarrabawar Gwajin Kaifin Tunani

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar ɗaukar aiki ta kwamfuta, sai wannan tambaya ta kayar da ni a gwaji: "Duk 'yan kabu-kabun tashar nan suna sa riga mai lamba. Wasu masu sa riga mai lamba a Dange suke kwana." Na zaɓi cewa wasu 'yan kabu-kabun tashar a Dange suke kwana, aka ce ban ci ba. Ina na kauce? (Wani matashi daga Arkilla, Sakkwato)

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka zaɓi abin da zai iya yiwuwa, alhali abin da ya zama dole ake nema. Ba ruwan mai tambayar da abin da ka sani game da Dange ko 'yan kabu-kabu. Jimla biyu ya ba ka, ya ce ka ɗauke su gaskiya, ka faɗi abin da ba makawa sai ya biyo baya.

Ɗauki takardar da ake ba ku ta yin lissafi. Zana babbar da'ira, ka ce masu riga mai lamba ke nan. Cikinta zana ƙarama, 'yan kabu-kabun tashar, tunda an ce dukkansu suna ciki. Yanzu ina za ka ɗiga alamar "wasu" masu kwana Dange? Cikin babbar da'ira dai tilas. Amma tana iya faɗawa cikin ƙaramar, tana iya faɗawa gefenta, wurin masu Keke Napep ko 'yan dako da su ma suke sa irin rigar. Muddin ka iya zana hoto ɗaya tak wanda jimlolin biyu suka tsaya gaskiya amma natijar ta zama ƙarya, to natijar ta faɗi. Irin zanen nan na da'ira cikin da'ira shi ake jinginawa ga Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, kuma in hannu ya saba bai fi daƙiƙa ashirin ba.

Tushen matsalar kuwa, wanda ya yi mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, a zaure ya san shi. Abin da ya haɗa jimlolin biyu, wato "masu sa riga mai lamba", shi ne haddi na tsakiya, kuma sharaɗi ne a yi hukunci a kan dukkansa ko da sau ɗaya. Nan ba a yi ba. Da an ce "duk masu sa riga mai lamba sun biya kuɗin ƙungiya", da magana ta ƙare, 'yan kabu-kabun sun biya.

Ga abin da zai rage maka wahala. Jimla biyu masu "wasu" ba sa haifar da natija, haka jimla biyu masu korewa. In ka gan su, nemi zaɓin da ya ce babu wadda ta biyo baya, kada ka ji tsoronsa. Sannan ka kula da juya jimla. "Wasu majema manoma ne" tana juyuwa ta koma "wasu manoma majema ne". "Babu majemin da yake alƙali" ita ma tana juyuwa. Amma "duk majema masu sana'ar fata ne" ba ta komawa "duk masu sana'ar fata majema ne", don ga dukawa nan zaune. Ƙiyasi, wato fitar da natija daga jimla biyu irin na tambayarka, yana da siffofi 256, amma 24 kaɗai suka inganta a tsohon lissafi. Ka ga ashe mafi yawan abin da ya yi daɗin ji a kunne ba ya tsayuwa.

TAMBAYA: Malamai, an ce: "Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, hanyar unguwar takan cika da ruwa. Yau hanyar ta cika." Na ce an yi ruwa ke nan. Malaminmu ya ce a'a. Ni kuwa a Mabera nake, na san yadda abin yake. (Wata ɗaliba)

AMSA: Malaminku ya yi daidai, 'yar'uwa, kuma sanin Mabera ne ya ja ki. An ce ruwan sama yana cika hanya, ba a ce shi kaɗai ke cika ta ba. Bututun famfo na iya fashewa.

Jimlar "idan" ƙofa biyu gare ta da suke buɗewa. In sharaɗin ya tabbata, sakamakon ya tabbata: an yi ruwa, hanya ta cika. In sakamakon bai auku ba, sharaɗin bai auku ba: hanya a bushe take, ba a yi ruwa mai ƙarfi ba. Sauran biyun tarko ne, wato "hanya ta cika, saboda haka an yi ruwa" da "ba a yi ruwa ba, saboda haka hanya ba ta cika ba". Kusan duk zaɓin ƙarya da za ki gani daga waɗannan biyun aka ƙera shi.

Ƙofa ta biyun ce mutane suka fi mantawa da ita. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya fito da gwajin kati huɗu. Kowane kati harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗayar. Abin da ake gani: A, K, 4, 7. Doka ta ce idan akwai wasali a fuska ɗaya, to lambar bayansa mai rabuwa biyu daidai ce. Wanne za a juya don a gwada dokar? Jama'a sukan ce A da 4. Amsar A da 7 ce, kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma ke dacewa da ita. Komai aka tarar a bayan 4 bai karya doka ba. Wasali a bayan 7 kuwa ya rusa ta.

Ki kuma lura da "sai idan". "Ba a shiga zauren jarrabawa sai idan an nuna kati" na nufin wanda ya shiga ya nuna kati. Ba ta ce duk mai kati ya shiga ba, yana iya makara.

TAMBAYA: In aka ce "wasu ɗalibai sun ci", ba yana nufin wasu sun faɗi ba? Kuma ya zan yi da jimlar da na san ƙarya ce? (Wani malamin firamare daga Wamakko)

AMSA: A hira haka ne, Malam. A wannan jarrabawa kuwa "wasu" na nufin aƙalla ɗaya, kuma tana iya kasancewa dukkansu. Don haka "wasu sun faɗi" ba ta biyo baya.

Jimlar ƙarya kuma da gangan ake sa ta. In an ce duk jajayen awaki suna tashi sama, kuma wannan jar akuya ce, to ta tashi, ka danna ka wuce. In abin ya dame ka, cire sunayen ka sa A da B da C. Kafin ka fara, raba lokacin da yawan tambayoyi: 50 cikin minti 40 daƙiƙa 48 ke nan kowace. Wadda ta ci maka ninki biyu na hakan, zaɓi mafi kusa, ka sa mata alama, ka dawo in lokaci ya rage.